Aron Farar Hula Har Zuwa Girbin Gero

Bismillahir rahmanir rahim. Mai girma Dagaci, shugaban wannan taro, Malam Liman, Injiniya Zubair da jama'arsa masu fararen hulunan kwano, iyayenmu mata da ke can gindin darbejiya, manoma 'yan'uwana, assalamu alaikum. Ni ne Sabo, Sarkin Noman garin nan. An ce in yi godiya, kuma zan yi, amma da roƙo a bayanta.

Da farko, mun gode. Tashar wutar nan da ke bakin gonata, da ba abin da muka sani nata sai gurnani. Injiniya ne ya zaunar da ni ya ce wancan ƙarfe mai ƙafa uku sunansa bireka, aikinsa katse wuta idan layi ya samu matsala, kafin mutum ya ƙifta ido. Sun zo ne su auna saurinsa, domin dole ƙafafun uku su buɗe tare.

Ranar da suka fara gwada shi, ya yi wata ƙara kamar bindigar toka. Maƙwabcina Iliyasu ya yar da fartanya ya shige dawa, har yau yana cewa fitsari ya je yi. Amma jama'a, ba Iliyasu kaɗai ya gudu ba. Tsuntsayen nan jan-baki da suka addabi gerona, waɗanda ni da mai ɗakina Hure muka yi mako uku muna kaɗa musu gwangwani har muryarmu ta dushe, tashi guda suka yi, suka nufi Bagwai.

Na biyu, zan faɗi laifina a gaban Liman. Da Injiniya ya ce ƙafa ɗaya tana makara, sai sun gyara sun sake gwadawa, wallahi daɗi na ji. Kwana shida suna gyara, kwana shida ina roƙon Allah ya ƙara wa ƙafar nan kasala. Hure har fura take aika musu, wai su huta, kada su yi gaggawa. Jiya Injiniya ya ce mini, "Baba, albishirinka, ta daidaita." Na ce goro, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Na uku, roƙon. Saura kwana goma gerona ya isa girbi, kuma shi ne abincin gidana na bana. Na nemi a riƙa bugawa sau ɗaya kowace safiya, Injiniya ya ce bireka ba gangar biki ba ce, kowane bugu rage masa kwana yake yi. Na yarda. To amma na lura tsuntsayen nan sun yi karatu: yanzu da sun hango farar hula ta doshi tashar, tun kafin ƙara suke watsewa. Saboda haka, Injiniya, ka tafi da motarka, ka tafi da wayoyinka, amma ka ara mini hular nan ta kanka. Ni zan sa ta, in riƙa zagaya shinge kamar mai aune-aune. Bayan girbi a mayar maka da ita haɗe da damin gero.

Allah ya tsare ku daga wutar da kuke aiki da ita, ya mayar da ku gida lafiya, ya sa mu ga ƙarshen daminar nan da alheri, ya kuma sa tsuntsayen nan kada su gane fuskata. Na gode.