Ƙarar Sanyin Safiya

A bakin gareji wani dattijo ya tsaya wa bakanike a ka yana huci, tsohuwar motarsa kuwa tana aiki lafiya lau.

"Na ce maka ƙara take yi in an tada ta! Kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani!"

"Baba, sau nawa na tada ta a gabanka? Ka ji wani abu?"

"Ƙarya nake yi ke nan? Da furfurata?"

"Da zafinta ka kawo ta, baƙin mai ya riga ya zagaye inji. Irin wannan ƙarar sai da sanyin safiya. Bar ta ta kwana."

"Ba za ta kwana ba!"

"To ni boka ne? Ɗauki abarka ka ƙara gaba!"

"In na bar maka ita, ni in kwana ina?"

Magana zarar bunu. Sai lokacin bakanike ya lura da bargo da buta a kujerar baya. Ya kawar da kai.

"Maigadina ya yi tafiya," ya ce a daƙile. "Shigo da ita ciki. Da asuba mu tada ta tare."