Kakata Ta Canza Mai Gida Gaban Likita

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lahiya. Habu ne daga Ƙofar Sauri, kishi ya sa na rubuto.

Tun ina ƙarami kakata Hajiya Yalwa "mai gidana" take ce mini, ni kuma ina ɓoye mata goronta don tsokana. Da mantuwa ta yi mata yawa, har ƙofar ɗakinta tana ɓace mata, ni da ƙanena Sani muka kai ta asibiti. Likita ya ba ta kalmomi ta riƙe, ta mance. Ya ce ta zana agogo, ta tara lambobin gefe guda. Sai ya nuna mu: "Hajiya, su waye waɗannan?"

Ta kama hannun Sani: "Wanga mai gidana ne. Wancan ban san shi ba."

Sani fa, da ko ruwan alwala bai taɓa ɗebo mata ba!

Muna dawowa na ɗauke goron daga inda take ajiye shi. Nan take ta ce, "Habu, ja'iri, kawo!" To likita ya hana a canza wa kayanta wuri, wai yana ƙara rikita ta.

Jama'a, mi zan yi? In bar goron ta mance ni, in ɗauka na cuce ta. Ina gaida kowa, ban da Sani.