Yatsu Biyu na Malam Ɗangiwa

Da sunan Allah nika farawa. Wakilin uban ƙasa, Alƙali, Liman da malamai, dattawan Tambuwal, baƙinmu na Kebbe da Dogon Daji, Inna Mardiya matar marigayi da 'ya'yanshi, Allah shi ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni ne Almu, ɗaya cikin mahaya keke shida da Malam Ɗangiwa disfensa ya horar. Yau kwana arba'in da rasuwarshi.

Ya kasance mai ba da magani, wannan kowa ya sani. Ya kasance kuma mutumin da ya mai da tuƙin keke ilimi. Mu da munka ɗauka ƙarfin cinya ne kurum, sai ga mutum da igiya shina awon ƙafarmu daga ƙugu har diddige kafin shi ɗaga sirdi. Ya sa muna zuba gishiri da zuma a gorar ruwa. Kwana biyu horo, na ukku hutu dole, har anka riƙa yi muna ba'a wai kekunanmu ma azumi sukai.

Kullum bayan asuba sai shi ɗora yatsu biyu a wuyan hannunmu, ido ga agogo, leɓe na motsi. Gari ya ɗauka tofi ne. Mutanen Kebbe, abokan karawarmu a tsere, kuna nan, kada ku musa: har malami kunka nema shi karya asirin! Alhali bugun jini kurum bawan Allah shika ƙirgawa.

Ranar tseren bikin 'yancin kai, daga nan zuwa Dogon Daji da dawowa, ni gari ya sa wa rai. Garau nika jin kaina. Ya kama hannuna, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Nawa kullum hamsin da takwas ne, ran nan ya samu tamanin da fuɗu.

Ya ce, "Almu, ba ka hawa yau. In ka hau, ɗauko ka za a yi."

Raina ya ɓaci. Gaban jama'a na ce ai dama matarshi 'yar Kebbe ce, surukkai shika yi wa aiki. Shi dai ya sa wa kekena kwaɗo ya jefa mabuɗin aljihu. Kebbe ta ci tseren, gari kuwa ya bi bakina ya yi ta zaginshi.

Kafin la'asar ciwon haƙarƙari ya kayar da ni. Kwana tara shina kaina da allura. Jama'a, har yau abin na ba ni tsoro: yatsu biyu sunka ga cutar da ni mai jikin ban ji ba. Da na hau cikin ranar nan, da tawa sadakar kunka ci tuni.

Shekara biyar ke nan. Bai taɓa tada maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni, kullum sai in ce gobe.

Inna Mardiya, sunanki na ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a nika roƙonki. Shi kam, na makara da roƙonshi. Ke ki yafe mani.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah shi jiƙan Malam Ɗangiwa, shi haskaka kabarinshi, shi raya abin da ya bari. Amin.