Minti Ashirin Bayan Rufe Akwati

Jawabin Malam Nu'uman, sakataren Gasar Ƙwallon Takarda ta Kurmin Sarki, a taron rufe kakar wasa, Suleja, Disamba 1996

Mai girma shugaban taro kuma uban wannan gasa, Alhaji Ɗantala tela, mai girma mai unguwa da ya bar hidimominsa ya zo, malam liman da babban fasto, waɗanda suke zaune yau a benci guda, iyayenmu mata, Maman Nasara, wato Priscilla, matar ɗan'uwanmu marigayi Malam Gidiyon, da 'ya'yanta, abokan wasana su ashirin da biyu, sauran jama'a manya da ƙanana: assalamu alaikum, barkanmu da yamma.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan kaka. Ina gode wa shugaban makarantar nan da ya ara mana aji, da Alhaji da ya bar akwatinmu ya shekara uku a shagonsa, a tsakanin keken ɗinki da teburin guga, bai taɓa cewa mun tsare masa hanya ba. Ina gode muku da kuka zo, duk da kun san taron bana ba na shewa ba ne.

Saboda baƙinmu, bari in faɗi abin da muke yi. Ba ma buga ƙwallo da ƙafa, yawancinmu gwiwa ta riga ta ƙi. Kowane mako, kowa yakan zaɓi 'yan wasa goma sha ɗaya daga ƙungiyoyin ƙasar nan, ya rubuta sunayensu a takarda, ya jefa a akwati kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Asabar da Lahadi mu kasa kunne a rediyo, Litinin mu duba jarida. Wanda ɗan wasansa ya ci ƙwallo ya sami maki uku, wanda golansa ya hana a ci shi ya sami huɗu, jan kati kuwa ya cinye maka biyu. Ba caca muke yi ba, malam liman ya bincika tun farko ya shaida. Abin da ake nema kawai shi ne wannan kofi da kuke gani a kan tebur.

Malam Gidiyon ne ya kawo mana wasan. Malamin lissafi ne, mutumin Pankshin, yana haya a Maje. A wata tsohuwar jaridar Ingila da aka naɗo masa littattafai ya ga yadda ake yi, ya zauna ya gyara shi daidai da mu, ya rubuta dokoki goma sha biyu da hannunsa. Mu da muke fita Abuja da asuba mu dawo a gajiye, mu da muka baro garuruwanmu ba mu san maƙwabtanmu ba, wannan akwati ne ya sa muka san sunayen juna.

An ce in yi magana a kan dabarun wasa da ladubbansa. Duk abin da zan faɗa a wurinsa na koya.

Na farko, kada ka zaɓi ɗan wasa don garinku ɗaya. A shekarar farko na cika takardata da mutanen Kaduna da Kano, na ƙare na goma sha tara. Ya kalli takardar ya yi dariya ya ce, "Mutumin Zariya, wannan ai ba ƙungiya ka haɗa ba, taron suna ka kira." Shi kuwa sai ka ga ya bar golan Jos, garin da yake so kamar ransa, ya ɗauki na Fatakwal, saboda ya ga wanda ya fi tare ƙwallo.

Na biyu, duba wa zai buga a gida, kuma duba tsawon hanyar da baƙi suka biyo. Yana da taswira a bayan littafinsa. Yakan ce ƙungiyar da ta taso daga Kalaba zuwa Maiduguri a cikin bas, ƙafafunta sun riga sun mutu kafin a busa usur. Kyaftin ɗinka, wanda makinsa ke ninkuwa, ka ɗauko shi daga cikin waɗanda suka kwana a kan gadonsu.

Na uku, haƙuri da ɗan wasa. Mako guda bai isa ka kore shi daga takardarka ba. Mun sha jefar da mutum ranar Juma'a, ya ci biyu ranar Lahadi.

Ladubba kuwa sun fi dabaru nauyi. Ba a leƙa takardar wani. Ba a ɓoye labari: in ka ji a rediyo cewa wane ya karye, ka faɗa a shago kowa ya ji, ko da abokin hamayyarka ne zai amfana. Sau biyu Malam Gidiyon yana tare ni a tasha ya ce, "Cire ɗan bayan nan naka, an dakatar da shi," alhali ni ne nake bin sa a baya. Tsokana halal ce daga Litinin zuwa Talata, daga Laraba a daina, kuma ba a kai ta gidan mutum a gaban iyalinsa. Wanda ya zo na ƙarshe shi ake fara ba shayi.

Jama'a, akwai ladabi guda da ba ya cikin dokoki goma sha biyun nan. Ni ne na karya shi, kuma saboda shi na roƙi a ba ni wannan dama in tsaya a gabanku.

Kun san yadda kakar bana ta kasance. Ni da Malam Gidiyon muka yi ta kai-komo a saman jeri tun farkonta. Da aka shiga makon ƙarshe yana gabana da maki tara. Kun kuma san ya rame a watannin nan, yana tari, yana yawan zama in an tsaya hira. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce zazzaɓi ne, na karɓa na wuce, saboda amsar ta yi mini sauƙi.

Ranar Juma'ar ƙarshe, ni ne mai riƙe mabuɗi. Biyar ta buga na ƙirga takardu, ashirin da uku, babu tasa. Na kulle akwati. Doka ta bakwai, wadda shi da kansa ya rubuta saboda masu jan ƙafa, ta ce wanda bai kawo takarda a kan lokaci ba, ba shi da maki a wannan mako.

Biyar da minti ashirin sai ga Maman Nasara. Daga tasha ta taho a ƙafa, tana haki, gumi ya jiƙa mata wuyan riga. Ba ta taɓa zuwa shagon ba sai ranar. Ta gaishe mu, ta miƙo takarda a ninke ta ce, "Malam Nu'uman, Baban Nasara ne ya ce in kawo. An kwantar da shi a asibiti tun jiya. Mota ce ta ɓaci da mu a hanya."

Na dubi agogo. Allah ya sani, agogo na fara duba. Na ce, "Maman Nasara, an riga an rufe. Shi ya san dokar, shi ya rubuta ta."

Alhaji ya tsayar da kekensa ya ce, "Haba Malam, karɓa mana. Wasa ai sai gobe, me zai canja?"

Na ce, "Alhaji, in muka buɗe wa mutum ɗaya, mun buɗe wa kowa."

Maganar ta yi kama da ta mai gaskiya, har wasu suka gyaɗa kai. Amma ni na san abin da ke cikina a lokacin. Maki taran nan nake gani. Mace ta tsaya a gabana ta ce mijinta, abokina na shekara uku, yana kwance a asibiti, ban tambaye ta wane ɗaki ba, ban tambaye ta me likita ya ce ba, ban ce ta zauna ta sha ruwa ba. Ta mayar da takardar cikin jakarta ta ce, "To, ba komai. Allah ya ba da sa'a." Ta juya ta tafi.

Ranar Litinin na sami maki goma sha huɗu, shi ba shi da ko ɗaya. Na wuce shi da biyar. Aka yi ta ba ni hannu. Na ce a raina da yamma zan je in duba shi, da yamma ta yi sai kunya ta hana ni, don ban san da wace fuska zan shiga ba. Talata na ce aiki ya yi yawa a ofis. Laraba na sayi lemo da ayaba na tafi. Na tarar an naɗe katifar gadon. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini ya cika tun da hantsi.

Bayan an dawo daga jana'iza a Pankshin na je gaisuwa Maje. Na zauna a bakin ƙofa, na kasa ɗaga kai. Maman Nasara ta shiga ɗaki ta fito da takardar nan ta ba ni. Ga ta a hannuna. Sunaye takwas na farko rubutunsa ne, duk wanda ya san kyan rubutun Malam Gidiyon zai yi kuka in ya ga yadda layin ke karkacewa. Ukun ƙarshe rubutunta ne, saboda biro ya faɗi daga hannunsa, yana faɗa tana rubutawa.

Na ce, "Maman Nasara, me ya ce da kika gaya masa na ƙi karɓa?"

Ta ce, "Ban gaya masa ba. Da na koma ya tambaye ni, na ce an karɓa."

Ta ce ranar Lahadi ya sa aka kawo masa ƙaramar rediyonsa, ya ɗora ta a kan ƙirji, yana jin sakamako yana lissafi da yatsu. Kyaftin ɗinsa ya ci, golansa ya tare, wani ɗan tsakiya ya ƙara guda. Maki goma sha uku. Ta ce rabon da ta ga ya yi dariya irin ta ranar an fi wata biyu. Ya ci tuwo loma huɗu, shi da ya kwana uku ba ya karɓar komai sai ruwa. Sannan ya ce mata, "In Nu'uman ya zo, kada ki bari yara su tsokane shi. Ya yi ƙoƙari bana. Ki ce masa ya yi haƙuri, baɗi tasa ce."

Ta ce Litinin ya tambaya ko na zo. Talata ma ya tambaya.

Jama'a, wannan baiwar Allah da na mayar daga bakin shago ba tare da kofin ruwa ba, ita ce ta rufa mini asiri a wurin mijinta. Ya tafi yana ganina mutumin kirki. Ta ba ni izinin in faɗi wannan a gabanku, da ba ta yarda ba da na yi shiru har abada.

Don haka ina da roƙo guda biyu ga shugaba da abokan wasa.

Roƙo na farko, a karɓi wannan takarda yau, a lissafa makinta. Tara da goma sha uku, ashirin da biyu, a kan goma sha huɗu nawa. Kofin bana na Malam Gidiyon ne, a rubuta sunansa a jikinsa. Kada wani ya tafa mini. Ba kyauta nake yi ba, abin da ba nawa ba nake mayarwa, kuma na san mayarwar ba za ta sa Laraba ta koma Litinin ba. Na gaya wa Maman Nasara niyyata, ta ce, "Kofi dai ku ajiye a shagon Alhaji inda ya saba zama. Ni abin da nake so, ku riƙa zuwa kuna gaishe da yaran nan kafin mu koma gida ƙarshen wata. Tun da aka share makoki ƙofar ta yi shiru." Kun ji da kunnenku. Maje ba nisa. Ni gobe bayan la'asar zan je, mai zuwa ya same ni a tasha.

Roƙo na biyu, a ƙara doka ta goma sha uku. Duk Juma'ar da aka ƙirga takardu aka ga ta wani babu, ba za a kulle akwati ba sai mutum biyu sun tashi sun je gidansa sun gan shi da idonsu. In lafiya lau yake, lalaci ne ya hana shi, a hana shi maki, a kuma tsokane shi har Talata. In kuwa kwance yake, a zauna a bakin gadonsa, a karɓi biro a rubuta masa. Kuma ina roƙon a karɓi mabuɗin nan daga hannuna a ba wani. Zan ci gaba da wasa in kun yarda, amma ban cancanci riƙe shi ba.

Maman Nasara, na roƙe ki gafara a gida kin ce kin yafe. Ina sake roƙonki a gaban mutanen da na yi miki laifin a gabansu.

Allah ya sa Malam Gidiyon ya huta. Allah ya ba iyalinsa haƙuri da dangana, ya raya Nasara da ƙannenta, ya kai su Pankshin lafiya, ya haɗa su da masu riƙe su da amana. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah ya ba su sauƙi, ya ba mu ƙafar zuwa duba su tun suna iya gane mu. Masu fita Abuja kullum, Allah ya tsare hanya. Allah ya zaunar da Suleja lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Alhaji, ga takardar, ga mabuɗin.

Na gode.