Wanne Zan Murɗa?

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, dattawan unguwa, iyayenmu mata, masu gidaje da 'yan haya, har da ku da kuke tsaye a baya, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da aka bar mai gyaran famfo ya yi magana a tsaye, domin yawancinku a durƙushe kuka san ni.

Maganata a kan makullin ruwa ce, wanda muke kira bawul. Iri uku ne. Na farko shi ne babba, mai kai kamar ƙaramin sitiyari, galibi inda bututu ya shigo gida. Hannun dama ake murɗa shi, a yi ta murɗawa har ya tsaya, ba da ƙarfin tsiya ba, don in ya tsufa karyewa yake yi. Na biyu mai hannu ne: in hannun ya bi tsawon bututu ruwa na tafiya, in ya gitta ruwa ya tsaya. Na uku su ne ƙananan nan na bayan masai da ƙarƙashin wurin wanke hannu, kowanne abu ɗaya yake tsarewa.

Jama'a, shekara talatin ina wannan sana'a. Bara, da rana tsaka, ina aiki a gidan wani, bututu ya fashe a ɗakina. Uwargida ta bugo waya, na ce, "Rufe bawul!" Ta ce, "Maigida, wanne zan murɗa?" Na yi ta kwatance, ita kuwa tana ta murɗa na bayan masai. Kafin in iso, ruwa ya shiga akwatinta na ƙarƙashin gado, ya cinye hoton mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. Shi kaɗai ne hotonta da ya rage mana.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ka san na kowane gida a layin nan, amma ba ka taɓa nuna mini namu ba." Wallahi har yau ina jin kunyar maganar nan.

Don haka ina roƙonku, in kun koma gida, ku kama hannun iyalinku, ku ɗora a kan babban makullin, su murɗa da kansu.

Allah ya tsare gidajenmu, ya tsare abin da muka adana a ciki, ya mayar da kowa lafiya. Na gode.