Kan da Nevena Ta Gyaɗa a Budapest

Stamen: Alo? Nevena, kina jina?

Nevena: Ina jinka, Stamen. Ina wuni?

Stamen: Lafiya. Ya gajiyar hanya?

Nevena: Gajiya ta bi lafiya, ƙafafuna ne dai suka kumbura. Awa goma sha huɗu a bas ai ba wasa ba. Ya gida? Ya gwiwar taka?

Stamen: Da sauƙi.

Nevena: Mama ta sha maganinta?

Stamen: Ta sha.

Nevena: Tattasan fa, ka gama gasawa? Kada ka ƙona shi irin na bara, mu cika kwalabe da gawayi.

Stamen: Saura buhu biyu.

Nevena: Yau amsarka gajeru ne kamar wutsiyar akuya. Lafiya dai?

Stamen: Lafiya lau. Ya Budapest ɗin?

Nevena: Ai ba a magana. Tun safe muke bin jagora, ta ɗaga jar lema, mu arba'in muna binta a baya kamar agwagi. Mun ga majalisarsu, mun shiga coci, ɗazu kuma muka hau gada ni da Kircho...

Stamen: Kuka hau me?

Nevena: Gada.

Stamen: Gado? Ke da Kircho?

Nevena: Gada, tsoho. Wadda ake tsallake kogi a kanta. Matsa kusa da taga, layin ba kyau.

Stamen: To wane Kirchon? Mai zuma?

Nevena: Kircho nawa ne a ƙauyenmu? Kuma ka daina yi kamar yanzu ka ji. Faɗi abin da ke bakinka.

Stamen: Genka maƙwabciyarmu ta turo mini bidiyo.

Nevena: Na san za a yi haka. Tun daga kan iyaka wayarta ba ta sauka ba.

Stamen: Ba ni kaɗai ta tura wa ba. Da safe na shiga shan kofi, kowa ya sunkuya a kan waya, suna ganina suka yi tsit. Wanzami har da tambayata ko in zo ya yi mini aski kyauta, wai don in samu sauƙi.

Nevena: To me ka gani a ciki?

Stamen: Na ga gidan abinci. Na ga ke da Kircho kafaɗa da kafaɗa. Mai goge ya zo teburinku, ya nuna Kircho, ya nuna zoben hannunki. Ko kurma ya san me yake tambaya: wannan mijinki ne? Ke kuma kika gyaɗa kai.

Nevena: Madalla. In mutumin garinmu ya gyaɗa kai, me ya ce?

Stamen: A'a.

Nevena: In ya girgiza fa?

Stamen: E.

Nevena: To me ya rage?

Stamen: Abin da ya rage, ba a garinmu kika gyaɗa ba. Shekara shida na yi ina aikin gini a Jamus, na san kan mutanen can a juye yake. A wurinsu gyaɗawa ita ce e. Shi ya sa mai gogen ya hau kiɗa, aka yi ta tafi, aka kawo miki fure, shi kuma Kircho ya miƙe ya dafa ƙirji kamar ango.

Nevena: Ka ƙirga sosai.

Stamen: Sau goma sha ɗaya na kalla.

Nevena: Shi ya sa saura buhu biyu.

Stamen: Kada ki mai da ni abin wasa, Nevena. Jagorarku ba ta gaya muku nasu daban ne ba?

Nevena: Ta faɗa tun muna hanya. Kunnena ya ji, wuyana ne bai ji ba. Shekara hamsin da huɗu yana gyaɗawa in ya ƙi abu, kana so ya canja addini cikin kwana uku?

Stamen: Ni dai abu ɗaya nake son sani. Gyaɗawar nan, irin tamu ce ko irin tasu?

Nevena: Alo? Ba na jinka sosai...

Stamen: Kina jina sarai. Ina jin dariya a muryarki.

Nevena: To tsaya in tambaye ka. Kujerar da Kircho ya zauna kusa da ni a bas, lamba goma sha huɗu, ta wa ce?

Stamen: Wannan wata magana ce daban.

Nevena: Ta wa ce?

Stamen: Tawa ce.

Nevena: Wa ya mayar da tikitinsa ana saura kwana biyar, wai tattasai ba ya jira, wai gine-gine duk iri ɗaya ne?

Stamen: Ai ban san shi za su ba ba. Duk mutanen da ke lardin nan, sai wanda ya taɓa zuwa neman aurenki?

Nevena: Yauwa, tunda ka tuna da wannan. Mai goge bai san me gyaɗawata take nufi ba, baƙo ne, ba laifinsa. Amma Kircho ya sani. Ya taɓa ganinta a ƙofar gidan babana, shekara talatin da biyu da suka wuce, da kwalbar zuma a hannunsa. Irinta sak, ko kaɗan ba ta canja ba.

Stamen: To me ya sa ya miƙe yana dafa ƙirji?

Nevena: Mutum ya samu minti uku na kiɗa kyauta, ka bar shi ya more. Da ya zauna ya ce mini, "Nevena, sau biyu ke nan." Wannan Genka ba ta ɗauka ba.

Stamen: Haka ya ce?

Nevena: Haka. Kuma bayan sati ɗaya da waccan ta farko, wani mai manyan kunnuwa ya zo a kan keken aro, ya kasa haɗa magana biyu, na girgiza masa kai har wuyana ya yi ciwo. Ka san shi?

Stamen: Kunnuwan ba su kai yadda kike faɗa ba.

Nevena: Sun kai.

Stamen: Furen fa? Yana ina?

Nevena: Yana cikin gorar ruwa a kujera ta goma sha huɗu. Na kori Kircho baya kusa da Genka, dama abin da take nema ke nan tun daga gida. Furen ne maƙwabcina yanzu, kuma ba ya minshari. Ranar Lahadi zan kawo maka shi, ka kai wa wanzami ya shinshina.

Stamen: Ƙarfe nawa bas ɗin zai iso?

Nevena: Shida na yamma. Da ka ce ba za ka zo tarbata ba ko?

Stamen: Ban ce ba.

Nevena: Ka yi niyya. Yi sauri, direba ya tashi mota, za mu shiga ramin da ke ƙarƙashin dutsen fada, layi zai yanke.

Stamen: Nevena... kin yi kewata?

Nevena: Ga shi ina girgiza kai.

Stamen: Tsaya. Irin namu ko irin nasu? Alo? Nevena? Irin na...