Kabewar Ƙofar Gida

A rumfar masu kabewa da ke hanyar Summerfield a ƙasar Turawa, Hajiya Kubura ta ji wani mutum yana waya da Hausa, rungume da ƙatuwar kabewa. Yana kashe wayar ta tare shi.

"Malam, ajiye wannan, ruwa ce zalla. Ƙananan su ne na taushe."

"Ai ba ta miya ba ce, Hajiya. Yara za su fafe ta, su yanka mata ido da baki, a girke a ƙofar gida, yadda ake ado a bikin Turawan nan."

"Abincin? Ku ƙwaƙule wa abinci ido, ku bar shi ya ruɓe a waje? Haba Malam, ka ji tsoron Allah! Ba ka ba su miyar taushe ne?"

"Na ba su, suka toshe hanci."

"Laifinka ne. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Mutumin ya leƙa kwandonta. "To wannan kirfa da madarar gwangwani fa? Su ma na taushen ne?"

Ta ja mayafi ta rufe kwandon.

"Jikokina ne, wai kek ɗin kabewa suke so. Kabewa da sukari, jama'a! Wancan satin na cika tukunya da taushe, kwana biyar ni kaɗai nake sha."